Inda Kuɗin Watan Agusta Ke Tafiya

Duk wanda ya san mu a nan Sabo ya san muna da 'ya a Amurka. Ba za mu kama sunanta ba, 'yar fari ce, kun dai san al'ada. A birnin Hustan na jihar Teksas take, can mijinta ya tafi da ita, can ta ƙaro karatu har ta zama malamar firamare. Tun da ta fara ɗaukar albashi ba ta taɓa tsallake wata ba tare da ta aiko mana da na cefane ba. Mu kuwa canji ne sana'armu, mun tsufa a bakin titi muna ƙirga kuɗin mutane, don haka ko dala ɗaya ta ragu a aike sai idonmu ya gani.

Abin da muka lura da shi shi ne, kowace shekara in Agusta ya kama sai aiken ya ragu, wani lokaci har ya koma rabi. Satumba ma haka-haka, sai Oktoba ya dawo daidai. Shekarar farko muka yi shiru. Ta biyu muka tambaya a waya, sai ta ce, "Baba, hidimar makaranta ce." Muka ce to, Allah ya taimaka. Amma da muka ajiye waya, mu da Hajiya sai muka kalli juna. Wace irin hidimar makaranta? Ita ke karantarwa, ita ake biya. 'Ya'yanta kuma a makarantar gwamnati suke, ba a biyan ko kwabo. Kuma fa Amurka ake magana.

Daga nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Wata 'yar uwa ta zo gaisuwa, zance ya biyo ta kai, ta ce ai abin a fili yake, mijin ne ke karɓe mata albashi, haka mazan can suke. Ba mu ce mun yarda ba, ba mu kuma ce mun ƙi ba. Sai dai tun daga ranar, in surukinmu ya kira ya gaishe mu, amsar ba ta wuce "lafiya lau" sau biyu, mu miƙa wa Hajiya waya. Shekara biyu muna yi wa bawan Allah haka. Wannan shi ne abin kunyar da ya sa muka ɗauki biro.

Bara ta haihu a watan Yuni, muka tafi mu biyu, Hajiya don wankan jego, mu kuma don ganin jika. Da aka yi arba'in, wata safiya muka shiga gareji neman buta, sai muka yi turus. Kwalaye ne jere har sun tare rabin wurin ajiye mota. Muka buɗe ɗaya, fensir. Muka buɗe na biyu, littattafan rubutu. Akwai gam, akwai almakashin yara, akwai kalar zane, akwai makar rubutu a farin allo, akwai tishu da sabulun wanke hannu, akwai rim-rim na farar takarda. Can ƙasa ga wata leda cike da ƙananan wanduna da safa, ga kwalin biskit. Abin da ya fara zo mana a rai irin na ɗan kasuwa ne: yarinyar nan ta buɗe shago ba ta gaya mana ba! Har mun fara murna.

Da muka tambaye ta sai ta yi dariya, ta ce, "Baba, na aji ne. Kuma ban gama saye ba."

Ranar Asabar ta ɗauke mu zuwa kanti. Jihar Teksas tana ware kwana uku a watan Agusta da ba a karɓar harajin saye a kan tufafi da kayan makaranta, matuƙar abin bai kai dala 100 ba. Cinkoson da muka gani sai ka ce Dugbe ana jibi Sallah. Ta riƙa nuna mana mutane, waccan malama ce, wancan ma malami ne. Ba wuya a gane su. Uwa takan ɗauki kwalin kala ɗaya ko biyu, malama kuwa ashirin take lodawa a keke, tana duba farashi tana lissafi a waya.

Makarantar da take aiki tana cikin unguwar da kusan kowa ɗan Latino ne, wato mutanen da asalinsu Meziko ne, ko Honduras, ko Gwatamala, ko El Salbado. Iyayen yawanci leburorin gini ne, da masu yankan ciyawa, da masu goge-goge a otal da ofisoshi, da masu wanke-wanke a gidajen abinci. Sifaniyanci ake yi a gida, da shi yaro ke zuwa makaranta. Don haka makarantar ta harshe biyu ce. Malamai biyu ke riƙe da aji biyu. 'Yarmu tana koyarwa da Turanci, abokiyar aikinta tana koyarwa da Sifaniyanci, in an ci abincin rana sai yaran su yi musayar ɗaki. Dokar jihar ta ce kada ajin ƙananan yara, har zuwa aji huɗu, ya wuce mutum 22, sai da izini na musamman. Ke nan yara 44 ne ke bi ta hannunta kowace rana.

Ana saura mako ɗaya a buɗe makaranta muka bi ta don taya ta kai kaya. Gaskiya ɗaya ce, ginin ya fi asibitoci da yawa da muka sani kyau. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, kowane yaro da kujerarsa, ana ba su karin kumallo da abincin rana kyauta, littattafan darasi ma hukuma ke kawowa. Wanda ya taso daga nan ya leƙa zai ce mutanen nan me suke kuka a kai? Sai ka zauna ka ga yadda rana ɗaya ke tafiya sannan za ka gane. Takardar ɗab'i a ƙirge ake ba kowace malama, kafin tsakiyar zango ta ƙare. Maka ta bushe, sai ka saya. Lokacin mura kwalin tishu ba ya kwana biyu. Yaro ɗan shekara bakwai ya yi fitsari a wando, uwarsa tana can tana aiki ba za ta iya baro wurin ba, wa zai ba shi na canzawa? Ga amfanin ledar wandunan nan.

Sannan komai na ajin harshe biyu sau biyu ake yin sa. Ƙofa, taga, agogo, kwandon shara, kowanne an manna masa suna biyu, na Turanci da shuɗin rubutu, na Sifaniyanci da ja. Mu muka yini muna yanka takardun da almakashi. Inda abin ya fi ciwo shi ne littattafan labarai. Na Turanci suna nan birjik, har a kantin gwanjo ana samu da arha. Na Sifaniyanci kuwa kaɗan ne, ga tsada, da yawansu kuma fassara ce daga Turanci. Abokiyar aikin ta nuna mana kantarta, littattafan duk sun sha gam da salatif. Ta ce duk lokacin da ta je ganin dangi a Meziko, akwati ɗaya na kayanta ne, ɗaya na littattafai. Abin da ba ta samu ba, ita ke zama da dare ta fassara, ta buga da injin gidanta.

Muka tambaye ta, ta bakin 'yarmu, me ya sa take wahalar da kanta haka, tun da dai Turancin ne yaran za su ci abinci da shi. Ta ce yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi ba ya shan wuya in aka juya shi zuwa Turanci, don karatu sau ɗaya ake koyonsa. Ta ce kakarta a nan Teksas aka haife ta, kuma ta sha duka a makaranta saboda ta yi Sifaniyanci a filin wasa. Ba ƙari ta yi ba. A 1918 jihar ta kafa dokar da ta hana koyarwa da kowane harshe in ba Turanci ba, ba a sassauta ta ba sai 1969. A wani gari mai suna Marfa akwai makarantar da aka ware wa 'ya'yan 'yan Meziko, sunanta Blackwell. A 1954 aka sa yaran suka rubuta a 'yan takardu cewa ba za su ƙara yin Sifaniyanci ba, aka zuba a akwati aka binne, kamar ana jana'iza. Yau gwamnatin Amurka ta mai da makarantar wurin tarihi. Sai a 1973 Teksas ta wajabta wa hukumomin ilimi buɗe azuzuwan harshe biyu, in dai akwai yara 20 masu harshe ɗaya a mataki ɗaya da ba su gama jin Turanci ba.

Tana magana muna tuna bulalar "banakula". Waye a cikinmu bai sha ta ba, ko bai biya tara ba?

A hanyar komawa gida surukinmu ne ke tuƙi. Muka daure muka yi masa tambayar da ta fi "lafiya lau" tsawo, muka ce, "Malam, ƙasa mai arziki haka, yaya malami zai sayi fensir da albashinsa?" Ya ce, "Baba, a nan kaso mai yawa na kuɗin makaranta daga harajin gidaje da filayen yankin yake fitowa. Inda gidaje ke da tsada, makaranta ta ji daɗi. Inda talakawa suke, sai a hankali." Ya ba mu labarin wani ma'aikacin ƙarfe a San Antoniyo, Demetrio Rodriguez, wanda shi da wasu iyaye suka kai ƙara a 1968. Yankinsu, Edgewood, yana biyan haraji a ma'auni mafi tsanani fiye da unguwar masu kuɗi ta Alamo Heights, amma abin da harajin ke tarawa dala 26 ne a kan kowane yaro, can kuwa dala 333. Maganar ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka, a 1973 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka ce tsarin bai saɓa wa kundin mulkin ƙasa ba. Sai a 1989 Kotun Ƙoli ta jihar Teksas ta ce ya saɓa wa na jiha. Daga baya aka fito da tsarin karɓa daga yankuna masu arziki a tallafa wa marasa shi. Giɓin ya ragu, amma a kan ƙananan abubuwa har yau ana ganinsa. A unguwar masu hali iyaye kan tara wa makaranta kuɗi masu kauri a biki ɗaya. A tasu unguwar, in malama ba ta saya ba, babu.

Ya ƙara da cewa ba matarsa kaɗai ba ce. Wani bincike na ma'aikatar ilimi ta Amurka ya nuna cewa a shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015, kashi 94 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati sun sayi kayan aji da kuɗinsu, matsakaicin abin da kowa ya kashe dala 479. Gwamnati ta san da haka, har a 2022 ta yarda malami ya cire dala 300 daga kuɗin da za a lissafa masa haraji a kai. Mu da muka san darajar dala, muka yi lissafi a zuci muka yi shiru.

Ranar Alhamis kafin a buɗe makaranta ake gayyatar iyaye su zo su ga malamai, su kawo kayan da aka rubuta musu a takarda. Muka zauna a lungu a kan wata 'yar kujerar yara muna kallo. Wasu sun kawo komai. Wasu rabi. Wata mata ta shigo da kayan aikinta a jiki, da yaro a gaba da wani a hannu, ta miƙa leda mai littafi biyu da fensir huɗu, kanta a sunkuye, tana magana ƙasa-ƙasa. Yaron, ɗan shekara bakwai, shi ne tafinta. Ya dubi malama ya ce mamarsa ta ce a yi haƙuri, sauran sai an biya babansa. 'Yarmu ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya da ɗan Sifaniyancin da ta iya, ta juye ledar cikin wani babban akwati da ke bakin ƙofa. Duk abin da aka kawo nan ake zubawa, ba a rubuta sunan kowa. Ranar Litinin kowane yaro zai tarar da kaya iri ɗaya a kan teburinsa, babu mai sanin na wa ya cika, na wa bai cika ba. Bayan kwana biyu matar ta aiko da wani abinci na garin masara naɗe a ɓawon masara, kamar yadda ake naɗe kafa a ganye. Har mu mun ci.

Muka waiga sai muka ga Hajiya tana share ido da gefen mayafi. Da dare, bayan an kwantar da jariri, ita ta fasa ƙwan. Ta ce, "Alhaji, yaron nan bai tuna maka da kowa ba?" Ta tuna mana shekarar da kasuwa ta karye mana, har muka sayar da babur. Lokacin 'yar nan tana aji biyu. Hajiya ba ta jin Yarbanci sosai, Turanci kuwa babu, don haka in ta je makaranta yarinyar ce ke tsayawa tsakaninta da malama. Ranar da aka ce kowa ya zo da littafin karatu, da bakin yarinyar aka ce babu hali. Malamar, wata Bayarabiya mai tsawa wadda yara ke tsoro, ba ta ce komai ba. Washegari ta kira ta gefe ta saka mata sabon littafi a jaka, da fensir biyu, ta ce kada ta gaya wa kowa. Hajiya ta sani, ta ɓoye mana don kada ranmu ya ɓaci. Shekara kusan talatin ba mu ji wannan labari ba sai a Hustan.

'Yarmu ta ce, "Baba, ni ban ma san ko tana raye ba. Ba ni da inda zan kai mata."

Abin da ya rage mana a daren shi ne surukinmu. Muka kira shi falo muka gaya masa abin da muka zarge shi da shi, ba mu rage komai ba, muka roƙe shi gafara. Ya durƙusa ya ce, "Haba Baba, ai ban riƙe ku da komai ba." Daga baya muka ji a bakin matarsa cewa rabin da ke iso mana a watan Agusta ma, sau da yawa daga aljihunsa yake fitowa. Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya, balle namu da ya zama ƙarya.

Akwai maganar da abokiyar aikin ta faɗa ranar da muka yi sallama, wadda bai kamata mu ɓoye ba. Ta ce kada mu koma gida muna yabon malamai kawai. Ta ce duk fensirin da malama ta saya yana rufe ramin da hukuma ya kamata ta cike, kuma muddin ana rufewa, masu kasafi ba za su ga ramin ba. Ta ce ita tana saye ne don yaro ba zai jira a gyara doka ba, amma duk lokacin da hukumar ilimi ta yankin ta kira taron kasafi tana zuwa, tana jan iyaye su je su yi magana, ko da ta bakin tafinta. Hannu ɗaya na bayarwa, ɗaya na ƙwanƙwasa ƙofa.

Da muka dawo Ibadan, mako bai cika ba muka taka zuwa firamaren da yawancin yaran layinmu ke zuwa. Kullum muna wucewa ta gabanta, rabonmu da shiga tun 'ya'yanmu suna ƙanana. Abin da muka gani ba sai mun faɗa muku ba, 'ya'yanku ne a ciki. Allo ya koɗe, malama ke sayen alli. A benci ɗaya yara uku suna jiran fensir ɗaya. A aji ɗaya muka ga yaranmu a jere a baya, shiru kamar ruwa ya ci su. Malamar ta ce ba dakikai ba ne, ba sa jin ta ne, ita ma ba ta jin su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen mutanen wurin. A nan harshen wurin Yarbanci ne. Ɗan Sabo kuwa da Hausa ya tashi, da asuba yana allo da Larabci, ƙarfe takwas ana yi masa Yarbanci, jarrabawa kuma da Turanci. Ɗan Latino da harshe biyu yake kokawa, namu da huɗu, kuma babu wanda ya manna masa suna ko a jikin ƙofa.

Tun 1916 aka kafa Sabo. Mun gina masallatai, mun riƙe kasuwar goro da ta shanu, ba a taɓa barin baƙo ya kwana da yunwa a unguwar nan ba. In biki ya tashi, ashobi kaɗai abin da yake ci ya isa ya sayi littattafan aji guda na shekara. Ba rashi ne ya hana mu ba, ba mu leƙa ba ne.

Ga abin da muke roƙo, kuma mun riga mun fara da kanmu. Kafin kowane zango, dattawa biyu ko uku su je wurin shugabar makaranta su karɓo jerin abin da babu, a rubuce, kada mu yi ta saye da ka. A ajiye akwati ɗaya a ƙofar masallacin Juma'a, mai dozin ya zuba, mai fensir ɗaya ya zuba, ba a rubuta suna, a kai wa malamai su raba wa kowane yaro, namu da na maƙwabta. Direbobinmu da ke zuwa Kano da Zariya kowane mako, a ba su saƙon littattafan koyon karatu na Hausa, irin su Ka Koyi Karatu, ko a kujerar gaba za su shiga. 'Yan matanmu da samarinmu da suka gama sakandare suna zaune, a nemi izinin makaranta a sami biyu da za su riƙa zama a aji ɗaya da safe suna yi wa ƙanana tafinta, mu haɗa musu ɗan abin sabulu. Sannan kwamitin iyaye da malamai, wanda in an kira taro ba a ganin hularmu ko ɗaya, mu fara zuwa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Haƙƙinmu ne mu tambaya ina alli, ina benci, amma wanda bai zo taro ba ba ya tambaya.

Mun sa cigiyar malamar nan ta aji biyu. An ce ta yi ritaya ta koma garinsu, wani tsohon masinjan makarantar ya yi alkawarin binciko mana. In Allah ya sa tana raye, mu da Hajiya za mu je da ƙafarmu.

Agustan bana aike ya zo rabi, kamar kullum. Muka kira muka ce, "Malama, an gama sayen kayan?" Ta ce saura tishu. Muka ce na Satumba ma ta riƙe. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya saka wa duk wanda ya taɓa koya musu harafi ɗaya da alheri.